Iyaye, Ku Leƙa Ɗakin Gwajin Kimiyya Na Makarantun 'Ya'yanku

Malam Edita, ina roƙon ka ɗan sam mini fili domin in yi magana da 'yan uwana iyayen yara, musamman manoma na karkara da masu ƙananan sana'o'i, waɗanda ke sayar da buhun gero ko su tara ribar tebur domin su biya wa 'ya'yansu kuɗin makarantar sakandare. Ni tsohon malamin kimiyya ne, na daɗe ina riƙe da alli kafin in ajiye aiki, yanzu kuwa ina ɗan taɓa sayar da kayan masarufi a bakin kasuwar garinmu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kwanan baya wani maƙwabcina mai sayar da kananzir ya zo mini yana murna, wai an gina wa makarantar ɗansa ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, har ƙungiyar iyaye da malamai ta yanka wa kowa kuɗi domin a sayi kayan aiki kafin jarrabawar WAEC. Na taya shi murna, domin abin murna ne. Sai na ce masa, Alhaji ka dai leƙa ɗakin ko? Ya ce a'a, shi me ya sani a harkar boko? Na ce to ƙofa nawa ke gare shi, kuma akwai bokitin yashi a ciki? Sai ya kwashe da dariya ya ce, Malam ke nan, ai wannan aikin hukuma ne.

Wallahi wannan dariya ta tsaya mini a rai. Domin kuwa mutumin da ya shekara ashirin yana auna kananzir bai taɓa yarda a kunna ashana kusa da durom ɗinsa ba, ya fi wasu shugabannin makarantu sanin halin wuta nesa ba kusa ba. Ba ka bukatar takardar shaida kafin ka gane cewa ɗakin da aka tara yara hamsin, da wuta, da kwalaben abubuwa masu kamawa, kuma ƙofarsa ɗaya tak, tarko ne.

Bari in fara da kaina, kada a ce tsohon malami ya zo yana nuna wa wasu yatsa. A wata makarantar ƙauye da na taɓa koyarwa ba mu da gas, saboda haka da 'yan fitilun sifirit muke ɗumama abubuwa. Wata rana da hantsi na raba wa yara fitilun, na kunna musu, sai na tuna na bar allina a ofis. Na ce a raina ai minti biyu ne. A cikin minti biyun nan wani yaro ya ga kamar fitilarsu ta mutu, ya ɗauko babbar kwalbar sifirit da ni da kaina na bari a kan tebur, ya buɗe fitilar zai ƙara mata. Ashe ba ta mutu ba. Ina dawowa na ji ihu. Wuta ta malale a kan tebur, ta kama gefen hijabin wata yarinya, ita kuma ta kwasa da gudu ta nufi ƙofa inda sauran yara suka riga suka cunkushe. Na ruga na kayar da ita ƙasa, na tuɓe babbar rigata na lulluɓe ta, na danne har wutar ta mutu. Da na waiwaya in ɗauki jar tukunyar kashe gobara da ke rataye a bango, na matsa, ko tari ba ta yi ba, ta shekara da shekaru babu komai a cikinta. Bokitin yashi kuwa an daɗe da zubar da yashin, masu shara suna ɗebo ruwa da shi. Ƙasar bakin ƙofa muka kwasa da hannu muka kashe ta tebur. Yarinyar ta warke, amma tabon yana nan a wuyanta, kuma duk lokacin da na haɗu da mahaifinta a kasuwa sai in ji kaina ya yi nauyi. Laifina ne ta hanya biyu: na bar yara da wuta, na kuma bar babbar kwalba a inda hannunsu zai kai.

Jama'a, ku lura da abin da ya yaudari yaron nan. Wutar sifirit, musamman irin wanda ake kira metanol, ba ta da hayaƙi kuma launinta shuɗi ne mai haske, da rana tsaka ido ba ya ganinta sosai. Bugu da ƙari, ba ruwan sifirit ɗin ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne. Metanol yana fitar da tururin da zai iya kama wuta tun daga zafin digiri 12 a ma'aunin Salshiyas, wato ko a tsakiyar hunturu a shirye yake. Kananzir sai ya kai wajen digiri 38 kafin ya yi haka, shi ya sa muke ganin kamar yana da haƙuri, to amma ku tuna a watan Afrilu zafin ƙasarmu yakan wuce 40. Idan aka karkata kwalba mai ƙaramin baki kusa da wuta, sai wutar ta bi tururin ta shige cikin kwalbar, iskar ciki ta kumbura, ta feso ruwan yana ci kamar an harba bindiga, kuma yakan kai nisan ƙafa 15. Duk matar da ta taɓa ganin an ƙara wa risho ko fitilar ƙwai mai alhali tana ci, ta san abin da nake faɗa.

Kada wani ya ce ai wannan sakacin ƙauye ne da rashin kuɗi. A birnin New York na Amurka, ranar 2 ga Janairun 2014, wata malama a makarantar sakandare ta Beacon tana nuna wa ɗalibai yadda gishiri iri-iri ke canza launin wuta, sai ta ɗauko galan na metanol ta ƙara a kan kwanon da take zaton ya mutu. Wuta ta feso ta lulluɓe wani yaro ɗan shekara 16, ta ƙone kusan kashi 30 cikin 100 na jikinsa. A 2019 kotu ta yanke a biya shi diyyar kusan dala miliyan 60. A cikin watan Satumba na 2014 ɗin dai, irin wannan ta sake faruwa a wani gidan nune-nunen kimiyya na yara a birnin Reno, mutum 13 suka ji rauni, akasarinsu yara. Bayan haka ne hukumar da ke binciken haɗurran sinadarai ta Amurka ta fitar da gargaɗi, kuma babban abin da ta ce bai wuce abin da na koya da tabon ɗiyar mutane ba: kada a shigo da babbar kwalba wurin da ake gwaji da wuta, a auni ɗan abin da ake bukata tun kafin a kunna ashana, a mayar da sauran ma'ajiya a rufe. To idan gemun masu dala ya kama wuta, mu masu naira ai sai mu shafa wa namu ruwa.

Sai dai kuma ruwan nan shi ne inda gobarar ɗakin gwaji ta sha bamban da ta gida, kuma nan ne nake so iyaye su buɗe kunne da kyau. Mu a al'adarmu da an ce gobara, kowa sai ya rarumi bokiti ya nufi rijiya. A ɗakin gwaji wannan taimako yana iya zama ajalin mai taimakon. Akwai wani ƙarfe mai laushi da ake kira sodiyam, wanda wuƙa ke yanka shi kamar sabulu, a cikin kananzir ake ajiye shi domin da ya taɓa ruwa sai ya fitar da wata iska mai kamawa, ya yi tartsatsi ya fashe. Akwai maganiziyam, wanda ke ci da farin haske mai kashe ido, in ka zuba masa ruwa ƙara masa ƙarfi ka yi. Garin wannan maganiziyam ɗin da aka tara da yawa ne ya fashe a wani ɗakin gwaji na Jami'ar Jiaotong da ke birnin Beijin na ƙasar Sin ranar 26 ga Disamban 2018, ɗalibai 3 suka rasu. Irin waɗannan ƙarafa busasshen yashi ne maganinsu. Haka nan fetur da kananzir, a kan ruwa suke tasowa, in ka watsa musu ruwa sai su hau kansa su bi ɗakin. Wutar lantarki kuwa ba sai na faɗa ba, a fara kashe ta daga babban makunni tukuna. Akwai kuma asid mai ƙarfi, ɗan uwan ruwan batirin mota amma ya fi shi kaifi: shi ake ɗiga wa ruwa a hankali, in aka zuba ruwa a kansa sai ya tafasa ya fantsamo fuska.

Yadda nakan bayyana wa yara shi ne, wuta kamar tukunya ce a kan murhu mai duwatsu uku: abin da za ta ci, da iska, da zafi. Ka cire dutse ɗaya, tukunya ta kife. Ruwa zafi yake cirewa, shi ya sa yake aiki a kan itace da takarda da zana. Yashi da bargo da murfi iska suke tsarewa. Rufe bakin gas kuwa abincin ka janye mata. Ɗan kwano ya kama wuta a kan tebur, sau da yawa murfi kawai za ka kifa masa, shi ke nan magana ta ƙare, ba sai an tara gari ba.

Yanzu ga maganar sutura, wadda ta fi shafar iyaye mata domin su ne ke zuwa kasuwa sayen yadi. A Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, ranar 29 ga Disamban 2008, wata matashiya 'yar shekara 23 tana ɗibar wani sinadari da ke kamawa da kansa da zarar ya sha iska. Sirinjin da take aiki da shi ya kwance, sinadarin ya zubo mata. Ba ta sa rigar kariya ba, rigar sanyin da ke jikinta kuwa ta zaren roba ce, ta kama nan take. Ta ƙone fiye da kashi 40 cikin 100 na jikinta, ta rasu bayan kwana 18. Akwai famfon wanka na gaggawa a cikin ɗakin, amma a cikin ruɗewa ba a kai ta ƙarƙashinsa ba. An ci jami'ar tara, shi kuma farfesan da ke shugabantar ɗakin aka gurfanar da shi gaban kotu, sai a 2014 aka daidaita a kan ya biya dala 10,000 ya kuma yi wa jama'a aikin sa'o'i 800. Ku duba fa, kayan ceto suna nan, amma da yake ba a saba da su ba, kamar babu su.

Yadin roba, irin mai santsin nan da muke saye saboda arha da rashin bukatar guga, ba ƙonewa kawai yake yi ba, narkewa yake ya manne wa fata kamar ledar da ta faɗa murhu. Auduga kuwa ba ta narkewa. Yawancin hijaban da 'ya'yanmu mata ke zuwa makaranta da su na roba ne, ga su da faɗi, yarinya ta sunkuya za ta duba abu sai gefen ya share tebur. Ban ce a cire hijabi ba, kada a juya mini magana. Cewa na yi ranar da ake gwaji a sa na auduga, madaidaici, a cusa gefensa cikin farar rigar gwaji, ita ma rigar ta auduga. Maza su ma su naɗe hannun riga. Kuɗin wannan bai kai na kwana ɗaya a gadon asibiti ba.

Kuma a koya wa kowane yaro, tun daga gida, cewa in tufafinsa suka kama wuta kada ya gudu. Gudu fifita ne. Ya tsaya, ya faɗi ƙasa, ya rufe fuska da hannu, ya yi ta birgima, na kusa da shi su lulluɓe shi da bargo ko buhun algarara ko babbar riga. Bayan wuta ta mutu sai ruwa mai sanyi, mai tsabta, a yi ta kwarara wa wurin har minti 20. Ban da ƙanƙara. Haba jama'a, ban da man goge baki, da ɗanyen ƙwai, da manja, da baƙin mai, da gishiri, duk waɗannan riƙe zafi suke yi su kuma jawo ruɓa, sai likita ya sha wahalar kankare su kafin ya fara aikinsa. A cire zobe da awarwaro tun kafin wurin ya kumbura, amma tufafin da ya manne kada a fizge shi, kuma kada a fasa ƙurajen ruwan da suka taso. A rufe da tsumma mai tsabta a nufi asibiti. In kuwa sinadari ne ya faɗa ido, a buɗe idon a yi ta wanke shi da ruwa aƙalla minti 15 kafin a ce za a nemi mota. Wannan ya nuna ke nan ɗakin gwajin da babu ruwa a cikinsa, ko na randa ne ko na durom mai famfo, bai cancanci a buɗe shi ba.

Makarantun da suka ɗan samu hali suna amfani da tukunyar gas irin ta girki. Shi wannan gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya ya taru kamar ruwa a kwari, kuma warin nan da kuke ji da gangan kamfani ke sa masa domin hanci ya ba da labari. In an buɗe ɗaki da safe aka ji warin, kada a kunna ashana, kada a taɓa makunnin lantarki ko don a kashe ne, a rufe bakin tukunya, a buɗe ƙofofi da tagogi, kowa ya fita. Tukunyar ma a waje ya kamata ta zauna, cikin inuwa, a keji mai shan iska. Mai neman inda tiyo ke yoyo kuma da ruwan kumfar sabulu ake nema.

To sai babbar magana, wato ƙofa. Saboda tsoron ɓarayi, ɗakin gwaji shi ne ɗakin da aka fi ɗaure wa tagogi da ƙarfe a duk makaranta, in ma akwai ƙofa ta biyu za ka tarar an garƙame ta da kwado an jibge karyayyun kujeru a bayanta. Na san kayan suna da tsada, na kuma san ɓarayi ba su da tausayi. Amma a kulle da dare mana, a buɗe duka biyun muddin akwai yaro ko ɗaya a ciki, kuma su riƙa buɗewa ta waje, domin mutanen da suka firgita turawa suke yi, ba sa ja. Ba mu manta da abin da ya faru a Yamai cikin Afrilun 2021 da kuma Maraɗi cikin Nuwamban 2021 ba, inda gobara ta cinye azuzuwan zana, yara ƙanana kimanin 20 suka rasu a ta farko, fiye da 20 a ta biyu. Waɗancan ba ɗakunan gwaji ba ne, amma sun nuna mana cewa wuta a makaranta ba ta ba yara lokacin neman hanya.

Wani zai ce, to ai akwai 'yan kwana-kwana. Allah Ya saka musu da alheri, suna ƙoƙari, kuma a Nijeriya akwai lambar gaggawa ta 112 da ake kira kyauta, ya kamata a rubuta ta da manyan baƙaƙe a bangon ɗakin tare da lambar ofishin kashe gobara mafi kusa. Amma mu da ke ƙauye mun san nisan da ke tsakaninmu da motar nan. Kafin ta iso, abin da zai faru ya riga ya faru. Minti ɗaya na farko a hannun malami da ɗalibansa yake. Ita kanta jar tukunyar nan ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi tana feshi, in ka ɓata su kana harbin harshen wuta a sama ka yi asara. Ana zare ƙusar, a auna gindin wutar, a matsa, a riƙa kaɗawa dama da hagu, kuma ƙofa tana bayanka domin in ta fi ƙarfinka ka fice. In wuta ta kai rufi, a bar mata kayan, a fitar da yara a tara su wuri ɗaya a kira sunaye da rajista. Mai kiran 'yan kwana-kwana kuma ya gaya musu cewa ɗakin sinadarai ne, domin su san da abin da za su zo.

Na san akwai shugabannin makarantu da za su karanta wannan su ce Malam ya tsorata iyaye, gara ma a rufe ɗakin a riƙa zana gwajin a kan allo. Wannan ba gyara ba ne. Ta haka muka yi ta yaye yaran da ba su taɓa riƙe kwalbar gwaji ba sai ranar jarrabawa, hannu na rawa, kuma irin wannan yaron ne ya fi kowa haɗari. Wasu kuma za su ce babu kuɗi. Nawa ne bokiti biyu na ƙarfe? Yashi kuwa a rafi kyauta yake. Bargon ulu ko na auduga mai kauri, da durom na ruwa, da cire kwado daga ƙofa, duk ba su kai kuɗin lemon da ake sha ranar bikin ba da kyaututtuka ba. Abin da ke cin ɗan kuɗi shi ne cika tukunyar kashe gobara a kai ta dubawa duk shekara, wannan kuwa ƙungiyar iyaye da ta iya tara kuɗin sinadarai za ta iya. Sannan sau ɗaya a kowane zango a buga ƙararrawa ba zato, a ga minti nawa yara za su ɗauka su fita, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka ranar taron iyaye da malamai, kada ku tsaya a kan maganar kuɗin makaranta kawai. Ku ce a buɗe muku ɗakin ku gani da idonku. Ku tura ƙofa ta biyu ku ji ko za ta buɗe. Ku sa hannu a bokiti ku ji yashi ne busasshe ko bawon gyaɗa. Ku duba ɗan agogon da ke wuyan jar tukunyar, in allurarsa ba ta kan kore to ado ce kawai. Ku tambayi malamin, cikin ladabi, ina yake ajiye manyan kwalabe lokacin da wuta ke ci, kuma wa ke tsaya wa yara in an kira shi ofis. Malamin kirki ba zai ji haushi ba, wataƙila ma ya daɗe yana rubuta takardar neman waɗannan abubuwa ba a kula shi ba, yana jiran wanda zai goya masa baya.

Shi dai maƙwabcin nawa na matsa masa har ya je. Ya dawo ya ce mini ƙofa biyu ce, amma ta bayan a kulle take, makullin kuma yana hannun mai kula da sito wanda ke kwana a wani gari. Bokiti babu ko ɗaya. Washegari ya ɗauki biyu daga shagonsa, ya sa ɗansa ya ciko su da yashi a amalanke, maganar makulli kuma ya ce zai tayar da ita a taron wata mai zuwa, ni ma na ce zan raka shi in an bar ni na shiga.

 

Naku,
Tsohon malamin kimiyya.